Gyambon ƙafa ga masu ciwon suga: yankewa ce ke cinye kuɗin, ko jinyar da ta ƙi ƙarewa?

Abu_Zainab
Assalamu alaikum. Akwai abubuwa biyu da nake so masana a nan su warware mini. Ƙungiyar IDF, wato tarayyar ƙungiyoyin ciwon suga ta duniya, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da ciwon suga a duniya. Wani nazari da aka buga a 2017, wanda ya tattaro bincike daga ƙasashe 33, ya ce kashi 6.3 cikin ɗari na masu ciwon suna da gyambo a ƙafa. Wannan adadi bai yi kaɗan ba kuwa? Na biyu batun kuɗi ne. A fahimtata yanke ƙafa ne ke lashe kaso mafi tsoka, tunda ga tiyata, ga doguwar kwanciya, ga ƙafar roba. In haka ne, sai duk tsarin kiwon lafiya ya zuba ƙarfinsa wajen rage yankewa, sauran abubuwa su biyo baya. Ko na yi kuskure?

Malam_Lissafi
Wa'alaikumus salam. Malam Abu Zainab, 6.3 ɗin nan ba kuskure ba ne, sai dai a gane abin da yake ƙirgawa. Waɗanda aka tarar da gyambo a lokacin binciken ake nufi. Wanda nasa ya warke bara, da wanda zai samu baɗi, ba lallai su shiga lissafin ba. In ana maganar tsawon rayuwa, ƙiyasin da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2017 ya ce tsakanin kashi 19 zuwa 34 na masu ciwon suga za su yi gyambon ƙafa ko da sau ɗaya ne. Wato daga mutum ɗaya cikin biyar har zuwa ɗaya cikin uku.

Shi kansa 6.3 ɗin matsakaici ne. A cikin nazarin, Arewacin Amurka ta tashi da kashi 13, Afirka 7.2, Asiya 5.5, Turai 5.1, yankin Oshiniya kuma 3. Kada a ɗauki wannan bambanci a matsayin na ainihin cutar kaɗai. Wasu binciken a asibiti aka yi su, inda marasa lafiya suka taru, wasu kuwa a cikin gari. Inda ba a gano masu ciwon suga da wuri, ko ba a ajiye bayanai, adadin zai fito ƙasa da yadda yake.

DaktaJijiya
Na yarda da Malam Lissafi, amma ba za a fahimci kuɗin ba sai an shigo da maganar jini. Toshewar jijiyoyin jini na ƙafa cuta ce mai zaman kanta: an ƙiyasta mutum miliyan 202 a 2010, ƙiyasin 2015 kuma ya haura miliyan 236. Taba sigari da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo ta, sai hawan jini da yawan kitse a jini da shekaru.

Binciken Eurodiale ya bi mutum sama da 1,200 masu sabon gyambo a cibiyoyi 14 na Turai. Kusan rabinsu, kashi 49, suna da toshewar jijiya, kashi 58 kuma gyambon ya riga ya kamu da ƙwayoyin cuta. Da aka lissafa kuɗi, wanda ba shi da ko ɗaya cikin biyun ya ci kusan yuro 4,500, wanda ya haɗa duka biyun kuwa ya kusa yuro 17,000. Ninki huɗu kenan, saura kaɗan. To a nan gizo ke saƙar. Gyambo biyu za su yi kama da juna a ido, amma ɗaya jini na isa gare shi, ɗaya ba ya isa, kuma makomarsu daban ce tun daga ranar farko.

Abu_Zainab
Na gode Dakta. Amma a Eurodiale ɗin nan ai waɗanda aka yanke wa ƙafa ne suka fi kowa cin kuɗi, ko ba haka ba?

DaktaJijiya
Haka ne, in mutum ɗaya ake dubawa. Wanda aka yi wa babbar yankewa, wato sama da idon sawu, ya ci kimanin yuro 25,000, wanda ya warke kuma ƙasa da 8,000. Sai dai bayan shekara ɗaya kashi 5 ne kacal aka yi wa babbar yankewa, kashi 77 sun warke. Ninka kowane adadi da yawan mutanensa, za ka ga inda tulin kuɗin yake.

Malam_Lissafi
Ingila ta fitar da amsar wannan tambaya a fili. Nazarin da aka buga a 2019 ya lissafa abin da hukumar lafiya ta NHS ta kashe a kan ƙafar masu ciwon suga a shekarar kuɗi ta 2014 zuwa 2015: tsakanin fam miliyan 837 da miliyan 962, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin hukumar a Ingila. Ya zarce abin da aka kashe a kan kansar mama da ta mafitsara da ta huhu in an haɗa su. Kimanin kashi 90 na kuɗin gyambo ne ya ci shi, ba yankewa ba, kuma kusan kashi 60 an kashe shi ne a kan waɗanda ba a kwantar a asibiti ba: wankin ciwo, ziyarar ma'aikatan jinya, zuwa ganin likita. Masu nazarin sun ce da za a rage yawan gyambon da kashi ɗaya bisa uku, za a tsira da fiye da fam miliyan 250 a shekara.

A Amurka, wani nazari na 2014 ya ƙiyasta cewa gyambon ƙafa na ƙara wa masu biyan kuɗin jinya dala biliyan 9 zuwa 13 duk shekara, ban da kuɗin kula da ciwon sugar kansa.

Dr_Mafitsara
Ɗan gyara kaɗan Malam Lissafi. Kansar da aka haɗa a lissafin ta ƙwayar furosteti ce ta maza, wadda ke ƙarƙashin mafitsara, ba ta mafitsarar kanta ba. Sauran maganar daidai take.

Malam_Lissafi
Na karɓi gyara, Dakta. Allah ya saka da alheri.

Sista_Rauni
Bari in faɗi yadda wannan kashi 60 ɗin yake taruwa, don a takarda ba a ganinsa. Gyambon tafin ƙafa ana wanke shi sau biyu ko uku a mako, in yana fitar da ruwa sosai kullum ne. Kowane zama na cin ruwan gishirin asibiti, auduga, safar hannu, bandeji, da lokacin ma'aikaci. Duk mako ɗaya ko biyu sai an fere kantar da ta kewaye bakin ciwon da mataccen nama da wuƙar tiyata. Zama ɗaya ba shi da tsada. Amma a ce sau uku a mako har wata shida, zama kusan 80 kenan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yawancin wannan wahala tufka da warwara ce. A wanke ciwo da safe, mara lafiya ya taka shi da yamma. Tunda jijiyoyin ji sun mutu, ba ya jin zafin da zai hana shi takawa, kowane taku kuma yana murƙushe sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Bandeji komai tsadarsa ba ya warkar da ciwon da ake tafiya a kansa.

Ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: a auna tsawo da faɗin ciwon duk mako, a rubuta. In bayan mako huɗu bai ragu da kusan rabi ba, a tsaya a sake tunani. Ana taka shi ne? Jini na isowa? Ƙashi ya kamu? Ci gaba da wanki haka kawai ɓarnar lokaci ce.

Dr_Ƙashi
Sista ta taɓo abin da aka fi sakaci da shi. Ga gyambon tafin ƙafa wanda rashin ji ya jawo, zaɓi na farko a ƙa'idar IWGDF, ƙungiyar masana ta duniya kan ƙafar masu ciwon suga, shi ne abin ɗauke nauyi mai kaiwa gwiwa wanda mara lafiya ba zai iya cirewa ba. Ko dai simintin da aka ɗora shi daidai da siffar ƙafar, ko takalmin asibiti mai tsawo da aka naɗe shi yadda ba zai ciru ba. A wani gwaji da aka buga a 2001, bayan mako 12 kusan kashi 90 na masu siminti sun warke, masu takalmin da ake cirewa kashi 65, masu rabin takalmi, wanda ke ɗauke nauyi daga gaban ƙafa, kashi 58. Da aka bi diddigi a 2003, sai aka gano masu takalmin cirewa suna sa shi ne a kashi 28 kacal na takun da suke yi a rana. Yawancin takun mutum a cikin gida yake yinsa, kuma a nan ake ajiye takalmin.

Amma siminti na da sharaɗi. Ba a sa shi in akwai tsananin toshewar jini ko ƙwayoyin cuta masu ƙarfi. Ana buɗe shi duk mako ɗaya zuwa biyu a duba, na farko ma da wuri saboda kumburi na saɓewa ƙafa ta riƙa gogar siminti. A sa auduga mai kauri a idon sawu da ƙauri da dunduniya. A ɗaga takalmin ɗaya ƙafar don tsawo ya daidaita, in ba haka ba ƙugu da baya su fara ciwo. In hannun da bai ƙware ba ya ɗora shi, sabon gyambo zai haifar.

Ɗalibin_Likita
Malamai, ina da tambaya. An koya mana cewa in awon ABI, mai nuna ko jini na isa ƙafa, ya kai 0.9 zuwa sama, jini lafiya lau. Me ya sa ake cewa ba a dogara da shi ga mai ciwon suga?

DaktaJijiya
Tambaya mai kyau, ɗana. ABI shi ne a raba awon matsin jini na idon sawu da na dantse. Ana kwantar da mutum ya huta kamar minti 10, a auna dantse biyu a ɗauki mafi girma, sannan a auna jijiyar bayan ƙafa da ta bayan idon sawu da na'urar Dofla, mai sauraron gudun jini a cikin jijiya. Ƙasa da 0.9 na nuna toshewa. Matsalar ita ce ciwon suga da ciwon ƙoda suna sa bangon jijiya ya taurare da alli, ɗamarar awo ta kasa matse ta. Sai awon ya fito sama da 1.3, ko mafi haɗari, ya fito kamar daidai alhali jini kaɗan ke wucewa.

Shi ya sa ake ƙarawa da awon babban yatsa, domin jijiyoyin yatsu ba su cika taurarewa ba. In aka raba awon yatsa da na dantse ya gaza 0.7, akwai matsala. A kuma saurari ƙarar Dofla: bugu mai sauti uku alama ce mai kyau, mai sauti ɗaya ja-ja abin tsoro ne. In awon idon sawu ya gaza 50 mmHg (ma'aunin matsin jini), ko na yatsa ya gaza 30, a nemi likitan jijiyoyin jini cikin gaggawa.

Kada kuma ka jira ƙorafin ciwon sha-raɓa lokacin tafiya. Mai rashin ji sau da yawa ba ya jinsa, wani kuma ba ya tafiyar da za ta tayar da shi. A wurin mutane da yawa gyambon ne alamar farko.

Baban_Hauwa
Ni ina ganin muhawarar nan ta yi wa Malam Abu Zainab rashin adalci. Yawancin alƙaluman da aka kawo kuɗin hukuma ne ko na inshora, a ƙasashen da gwamnati ke ɗaukar nauyi. Yawancinsu ba su ƙirga aikin da mutum ya rasa ba, ko ɗan'uwan da ya ajiye sana'arsa ya zauna jinya, ko sauya ƙafar roba duk bayan 'yan shekaru. Wani nazari na 2012 ya kwatanta ƙasashe biyar: Chile, Sin, Indiya, Tanzaniya da Amurka. Ga gyambo mai sauƙi a Amurka, abin da ke fita daga aljihun mara lafiya ya yi daidai da samun kwana 6. Ga mai tsanani da ya kai ga yanke ƙafa a Indiya, samun shekara 5.7 ne. Tanzaniya ce ta fi araha a takarda, amma arahar takarda ba ta nufin sauƙi ga mai biya. Don haka ga iyali, yankewa ce ke karya gida.

Malam_Lissafi
Ban musa ba, Baban Hauwa. Tambayoyi biyu ne aka cakuɗa: ina kuɗin ƙasa ke tafiya, da kuma me ke durƙusar da gida ɗaya. Amsarsu ba ɗaya ba ce. Abin da zan ƙara kawai shi ne kusan kashi 85 na yankewa ga masu ciwon suga gyambo ne ke gabatarsu. Babu hanyar rage yankewa da ba ta bi ta kan gyambo ba.

Harhaɗa_Magani
Akwai wata kafa da kuɗi ke zurarewa ba a lura: maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kowane gyambo in aka goga auduga a kai aka kai ɗakin gwaji, ƙwayoyi za su tsiro. Wannan ba ya nufin ya kamu. Ana cewa ya kamu ne in an samu alamu biyu ko fiye: kumburi, ja da ya wuce rabin santimita daga bakin ciwo, zafi, ɗumi, ko mugunya. In babu su, ba a ba da magani, ba ya saurin warkarwa, sai dai ya haifar da ƙwayoyi masu bijirewa.

In ya kamu, ja ƙasa da santimita 2 kuma a fata kawai mai sauƙi ne, ƙwayar sha ta mako ɗaya zuwa biyu ta isa. In ya kai santimita 2 ko ya nutsa zuwa jijiya ko ƙashi, matsakaici ne. In zazzaɓi ya haura digiri 38, bugun zuciya ya wuce 90, numfashi ya wuce 20 a minti, ko fararen ƙwayoyin jini sun haura 12,000, biyu daga cikin waɗannan sun isa a kwantar da shi. Samfurin gwaji kuma naman ƙasan ciwo ake yankowa bayan an wanke, ya fi gogar sama inganci nesa ba kusa ba.

Dr_Ƙashi
In ƙara a kan na Malam mai magani. A sa ƙarfe mai dakusasshen baki cikin ciwon a hankali. In an ji ya taɓa abu mai tauri mai kaushi, akwai yiwuwar ƙashi ya kamu. Hoton ƙashi na iya fitowa lafiya a mako biyu ko uku na farko, sai a maimaita. In ba a cire ƙashin ba, magani na kusan mako 6 ne. Wata cuta kuma da ake yawan ruɗewa da ita: ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta yi ɗumi, babu ciwo a fata, ga bugun jini mai kyau. Wannan ƙafar Charcot ce, wato lalacewar ƙasusuwa da gaɓoɓin ƙafa ga mai rashin ji, har sai an tabbatar ba ita ba ce. Maganinta hana takawa da siminti nan take. In aka yi ta ɗirka maganin ƙwayoyin cuta ana takawa, tsakiyar ƙafar zai rushe, gyambon da zai biyo baya kuma yana cikin masu wuyar sha'ani.

Ummu_Sadiq
Duk kun tsaya kan wanda ya riga ya samu ciwo. Dubawar da ke gano mai haɗari ba ta wuce minti biyar. A cire takalmi da safa na ƙafa biyu. A duba tsakanin yatsu, dunduniya, farce, kanta, da faso, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A taɓa bugun jini. A gwada ji da zaren awo mai nauyin giram 10 a wuri uku: ƙasan babban yatsa, da tushen babban yatsa, da tushen ƙaramin yatsa. A danna har ya lanƙwasa, kamar daƙiƙa biyu, ido a rufe, kada a ɗora a kan kanta ko ciwo. In babu zaren, akwai gwajin Ipswich: a taɓa kan yatsa na farko da na uku da na biyar da ɗan yatsan hannu, taɓawa mara nauyi. In bai ji a wuri biyu ko fiye cikin shida ba, jin ya ragu.

Wanda ba shi da komai, sau ɗaya a shekara. Mai rashin ji ko toshewa, duk wata 6 zuwa 12. In sun haɗu, ko akwai karkacewar ƙafa, duk wata 3 zuwa 6. Wanda ya taɓa yin gyambo ko yankewa, ko ƙodarsa ta gaza, duk wata 1 zuwa 3.

Sista_Rauni
Rukunin ƙarshen nan, Hajiya Ummu Sadiq, shi ne aka fi mantawa. Bayan warkewa kusan kashi 40 na sake samun gyambo cikin shekara ɗaya, kashi 60 cikin shekara uku, kashi 65 cikin biyar. Shi ya sa masana suka fi son a ce ciwon ya lafa maimakon ya warke. Mutum ɗaya zai iya shiga lissafin kuɗi sau uku ko huɗu. Takalmin da aka auna masa, wanda zai sa har a cikin gida, da fere kanta a kan lokaci, su ne ke tare dawowar. Akwai kuma auna ɗumin tafin ƙafa kullum: in wuri ɗaya ya fi takwaransa na ɗaya ƙafar da digiri 2.2 kwana biyu a jere, a rage tafiya a nemi dubawa.

Gwani_Tiyata
Zan ɗan saɓa wa masu ganin kowace ƙafa dole a cece ta. Buɗe jijiya da balan-balan ko yi mata kewaye da jijiyar mara lafiya aiki ne mai tsada, kuma wani lokaci sai an maimaita. Gwajin BEST-CLI na 2022 ya nuna kewaye ya fi kyau ga wanda ke da lafiyayyar doguwar jijiyar ƙafa da za a ɗauka. BASIL-2 na 2023 kuwa, wanda ya duba toshewar ƙasa da gwiwa, ya fifita farawa da buɗewa ta cikin jijiya. Zaɓin ya danganta da mara lafiyar da ke gabanka. Ga tsohon da ba ya tashi daga gado, ga ruɓa ta ci dunduniya, ga zuciya mai rauni, tiyata huɗu a jere na iya fi yankewa ɗaya mai kyau cutar da shi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yi babbar yankewa ba tare da an duba jijiyoyin ba, sai fa in rai ne ke cikin haɗari a lokacin.

DaktaJijiya
Gaskiya ne, Gwani. Kuma a tuna jijiyar da ta toshe a ƙafa 'yar'uwar ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa ce. Kusan kashi 30 na masu gyambon ƙafa ba sa kai shekara biyar, bayan babbar yankewa kuma fiye da rabi ne, yawanci ta hanyar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Barin taba, maganin rage kitse na statin, maganin hana daskarewar jini irin su asfirin ko clopidogrel, da daidaita hawan jini, duk suna cikin jinyar ƙafar.

Abu_Zainab
Na ƙaru sosai, Allah ya saka wa kowa. Na janye maganar cewa yankewa ce ke cin mafi yawan kuɗin ƙasa, amma ina nan kan bakata tare da Baban Hauwa a kan abin da take yi wa iyali. Saura abu ɗaya. In cibiya na da ƙarfin gyara abu guda ne kawai, wanne za ta fara: horar da masu dubawa, sayen na'urar Dofla, ko koyon ɗora siminti?

Ummu_Sadiq
Dubawa. Ba ta buƙatar komai sai hannu da ido da lokaci.

Dr_Ƙashi
Ni siminti zan ce, amma ba na ɗora shi sai na san jini na isowa, don haka Doflar ma ba ta da makawa.

Malam_Lissafi
Akwai na huɗu da ba ka lissafa ba, Malam Abu Zainab, wato saurin turawa. A Eurodiale, kashi 27 na marasa lafiyar sun shafe fiye da wata uku ana jinyarsu a wani wuri kafin su isa cibiyar ƙafa. Ƙa'idar hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a tura mai sabon ciwon ƙafa cikin ranar aiki ɗaya, a tantance shi cikin wata ranar aiki ɗaya. In akwai zazzaɓi, ruɓa, ko ƙafa ta yi sanyi ta canza launi, a ranar za a kai shi sashen gaggawa. Dakta Jijiya, ga cibiyar da likitan jijiyoyin jini ya yi mata nisa, wane awo za a ɗauka a matsayin layin turawa in Dofla kaɗai ke hannu, babu abin auna yatsa?